Layukan Gawayi

Ƙarfe huɗu na karanta wa gari:
ruwa mai ƙarfi da iska daga daren yau zuwa jibi,
Jos ta Arewa, Bassa, har gangaren Mangu,
mazauna bakin rafi su tashi.
Na faɗa, na maimaita,
na kashe makirufo, na kira Baffa Tanimu.

Ya ce ya ji ni. Rediyon na rataye a reshen gwaiba,
shi kuma yana tsugune cikin kabeji.
"Muryarki ta fita tas, 'yar Ladidi,
sai dai bara ma haka kuka ce,
muka kwashi katifu zuwa firamare,
sauro ya sha mu kwana uku, ko yayyafi ba a yi ba."

Ban musa ba. Bara mun faɗa, sama ta ƙaryata mu.

A bangon ɗakinsa akwai layukan gawayi,
kowace damina da inda Dilimi ya tsaya:
wannan a gwiwa, wannan a ƙugu.
Na can sama, daidai ƙusar da carbi ke rataye,
ba ya son a tambaya.
Shekarar ce ta tafi da awaki bakwai, da keken ɗinki,
da Gwaggo Tabawa, mai keken.

Da magariba hadari ya taso ta duwatsun Shere,
baƙi wuluk, gindinsa kore-kore,
irin mai zuwa da ƙanƙara.
Na sake kira, ba a ɗauka ba.
Na karanta na ƙarfe takwas,
baki yana jera unguwanni,
zuci tana ƙirga taku daga ƙofarsa zuwa rafi:
arba'in da biyu.
A kan Rikkos na yi jinkiri
har injiniya ya ɗago kai.

Ɗaya saura na dare, kwano yana ta kuwwa,
waya ta haska. Mama Kaneng ce, maƙwabciyarsa ta tudu:
"Yana nan falona, ya jiƙe sharkaf,
ya zo da rediyo cikin leda da ƙullin iri,
ya ce kada a gaya miki."

Da safe kabeji ya tafi, har kunyoyin.
Laka ta shafe layi uku.
Ya daɗe yana duban sabon shatin ruwa,
sannan ya ce in miƙo gawayi.
Babu busasshe ko ɗaya a gidan.
Na ba shi biron da nake gyara hasashe da shi.