Kwalin da Muka Ce Sai Ran Ritaya

Shekara talatin da huɗu yana saman kwaba,
bayan tsohuwar rediyo, kusa da kwalbar tawada.
Kwali ne ɗan ƙarami, tafin hannu biyu,
ledarsa ta rine kamar haƙorin mai cin goro.
A jikinsa an zana sojoji goma sha biyu
suna jan igwa a bakin wani kogi
da har yau ban san sunansa ba.

Ni da Haladu muka yi masa karo-karo
ranar da wani kanti ya yi gwanjon rufewa a Sabon Gari.
Ya ba da naira bakwai, na ba da biyar.
Ya ce in ajiye, gidansa akwai ɓera, akwai 'ya'ya.
Sai ran ritaya, in ji shi,
mu dafa shayi, mu buɗe, mu raba shida-shida.

Sauran duk mun taɓa su.
Na dalma, na roba, tsintuwar Ƙofar Wambai,
daga gindin dila, daga aljihun rigar sanyi,
wani ba kai,
wani bindigarsa ta lanƙwashe kamar lauje.
Haladu ke musu fenti da tsinken sakace,
yana fito da harshe in ya zo kan maɓalli,
ni ke auna taku da tef ɗin tela.
Teburina ne fagen daga:
a kifa kwanon sha, ga tsauni,
a miƙe shuɗin zariya, ga kogi,
ƙwayar lido ta faɗi wanda zai kwanta.
Mutanen Fagge na cewa, dubi manya da wasan yara.
Haladu ya ce, ku bar mu,
namu yaƙin ba a zaman makoki bayansa.

Ritaya ta zo.
Shi ya riga ta da wata huɗu.
Yana Dandolo, kusa da wata bishiyar darbejiya.

Gwadabe dillali ya tako daga Kurmi har sau uku.
Ya ɗauki kwalin da yatsu kamar ƙwan zabo,
ya ce, kul, Malam Tasi'u, kul!
Kuɗin ba ya cikin kwali, yana jikin leda.
Ka tsaga ta, ka tsaga kuɗin babur.
Na ce na ji. Na mai da shi bayan rediyo.

Yau bayan la'asar, jikata Ramlatu
ta hau kujera, ta sauko da shi,
ta kara a kunne, ta girgiza,
ta ce, Kaka, ba sa gajiya da duhu?

Na nemo reza.
Hannuna na rawa, ba na tsufa kaɗai ba.
Ledar ma ba ta tsaya an yanke ta ba,
marmashewa ta yi kamar ɓawon albasa.
Wani wari ya taso, na gam da tsohuwar takarda,
warin kantin nan, da fankarsa mai ƙugi,
da Haladu yana lissafin canji a bakin ƙofa.

Ga su kwance, toka-toka, ba fenti,
kowa maƙale da ɗan'uwansa ta ƙeya.
Na ƙirga.
Na goge tabarau, na sake ƙirgawa.
Goma sha ɗaya.

Tun daga masana'anta aka cuce mu,
muka yi shekara talatin da huɗu muna gadin gurbi.
Dariya ta ƙwace mini har na yi tari.
Da yana nan, da gardamar ta kai mu isha'i,
mai naira bakwai ba ya yarda da biyar.

Na ɓalle su ɗaya-ɗaya, ƙas, ƙas.
Na jera shida a ƙetaren zariya,
wajen da kujerarsa take.
Biyar na riƙe.

Ramlatu ta ɗare kujerar, haɓarta a bakin tebur.
Na miƙa mata ƙwayar lido, ta ture.
Ta ce sai an sa musu riga tukuna,
kuma ita kore take so.
Gwangwanin koren ya bushe tun bara.
Gobe, in Allah ya kai mu, sai Sabon Gari.