Gabas Ta Koma Yamma

Takardar ta iso ranar Talata,
tsakiyar zafin Afrilu,
fankar ofis ta mace tun kafin azumi,
Malam Jabbi na fifita da rajistar aji uku.
Shekara guda, in ji takardar. Lissafi da kimiyya.
Wani tsibiri mai suna mai sarƙe harshe.

Na sauko da ƙwallon duniya daga kan kabad,
wanda tsatsa ta cinye wa rabin Turai,
na ce 'yan aji su nemo mini.
Aka juya, aka juya, shuɗi kawai.
Luba ce ta gano shi:
"Malam, wanga? Na aza kashin ƙuda ne."
Ta sa farce ta kankara. Bai fita ba.

Inna ba ta tambayi albashi ba.
Tana tsintar wake a faifai,
gindin dogon-yaronmu na Mabera.
"Suna da gero?"
Babu, Inna.
"To mi suka damawa?"
Na ce kifi ne, da rogo, da kwakwa.
"Ruwa ko'ina, kac ce?"
Ko'ina.
"Kai da ka tsoron Rima in ta kawo."
Ta jefar da tsakuwa, ta ci gaba da tsinta.

Bayan isha'i Liman Modi ya zana ƙasa da sanda:
ga mu, ga Makka, ga ruwan, ga ɗigon.
Ya daɗe yana duban zanensa.
Ya ce, "Can, yamma za ka fuskanta."
Shekara talatin da takwas ina duban gabas,
goshina ya san hanya ko a duhu,
yanzu sai na koya masa wata.

Kilo ashirin da uku aka yarje mini.
Na kai akwatin Tsohuwar Kasuwa,
mai awon albasa ya ɗora a sikeli.
Ya yi nauyi.
Na cire littafi biyu, na bar garin kuka.
Na cire babbar riga, na bar daddawa,
ƙunshe cikin leda uku, tana tona kanta.

Na ce wa kowa don rufin ɗaki ne,
da bashin mai bulo, da kuɗin makarantar ƙane.
Gaskiya ne.
Sai dai akwai wani yaro a cikina
da ya taɓa bin tirelar siminti da ido daga Kalambaina
har ta ɓace,
bai daina son sanin inda ta tsaya ba.
Wannan ban gaya wa Saratu ba. Ta sani.

Ita ta yi lissafin awoyin, a bayan katin wuta:
asubarmu la'asar ɗinka.
"Za ka riga mu shiga kowace rana,
ka dinga ɗanɗana mana ita,
in da ɗaci ka faɗa mu shirya."
Ta yi dariya, ta juya ga murhu,
ta ce hayaƙi ne.

Haƙorin Hassi na girgiɗi tun makon jiya.
Na taɓa shi da yatsa, bai shirya ba.
Zai fita ba na nan,
wani zai tsiro ba na nan.
Na ce ta rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin,
ta ce ta ajiye mini a kwalin ashana?
Na ce ajiye.

Gobe, jirgin safe.
Yau na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
na kalli gabas kallon bankwana,
sai na tuna zanen Liman:
daga ɗigon, in na miƙe zuwa yamma,
bayan Makka da ɗan tafiya,
ai Mabera ce.

Na manta ban gaya wa Malam Jabbi ba:
Luba ba ta ganin allo daga baya,
kuma ba za ta faɗa ba.