Yatsan da Wata Ya Maido Mini

Shekara talatin ina sayar da ƙarya a Mokoyo,
ƙaryar da kowa ya sani, ya kuma biya da murna.
Labulen akoko ne na rina da shuni,
na ɗiga taurari da farar ƙasa da tsinken tsintsiya,
na zana kumbo kamar turmin da aka kifa,
wuta na fita ta gindinsa, ja kamar akuyar garinmu.

Dala arba'in, ka tsaya gabansa,
in ce kada ka motsa, in danna.
Mahauta sun tafi sama a shagona,
da ƴan kabu-kabu, da ƴan mata ranar sallah.
Alhaji Gonda ya tafi da carbinsa, ya dawo kafin la'asar.
Ba wanda ya ruɗe.
Ɗinkin labule na nan fili ta gefen wata,
ƙusa biyu a sama, tabarma a ƙasa,
wata rana har jelar zakara ta shigo hoto.

Shekaranjiya jikana Mutari ya zauna bakin ƙofa
yana yi wa salula magana kamar mai aiken yaro kasuwa:
ɗora kakana a kan wata.
Kafin shayi ya huce, ga ni.
Farar riga mai kumburi, tulun gilashi a kaina,
ƙura a takalmi, duniya can baya kamar ƙwan zabo,
na ɗaga hannu ina gaida mutanen Maraɗi.
Na nemi ɗinki, babu.
Na nemi ƙusa, babu.

Kafin magariba hoton ya riga ni isa Tibiri.
Ƙanwata Habsu ta kira tana kuka:
ka tafi ba ko sallama?
Wanzamin layinmu ya rantse ya gani da idonsa.
A bakin masallaci wani ya ja ni gefe,
wai can sama ina alƙibla take?

Cima ce kaɗai ba ta ce uffan ba.
Ta goge hannu a zane, ta karɓi salula,
ta buɗe hoton da yatsu kamar mai tsince shinkafa,
ta ƙidaya a hankali, ta miƙo.
Wannan ba mijina ba ne, in ji ta.
Nawa huɗu gare shi a dama.
Na biyar injin matsar gyaɗa ya ci,
ni na ɗaure shi da kallabina.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka muka ji daga manya.
Wannan ramin na leƙa, ban ga ƙasansa ba.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na zauna tsakar gida, wata na gaske bisa dogonyaro,
da tabonsa, da shirunsa, bai san ni ba.
Na kunna hoton.
Ba kumbon nake kallo ba, ba taurarin ba.
Yatsan nake kallo, har da farce,
har da ɗan lanƙwasar da na manta yana da ita,
ko kuwa bai taɓa yi ba, wa zan tambaya?
Dungun ya soma ƙaiƙayi.

Mutari ya ce, kaka, in goge?
Na ce bari tukuna.
Gobe ka sauko mini da labulen nan daga rufi,
in ga ko ɓera ya bar mana wata.