Aikin Dare a Hijlij

Hijlij suke cewa, mu a Mai Wurno aduwa muke kiranta.
Ƙarfe biyun dare, ina gadin tukunyar ƙarfe.
Daga rijiya suke hawowa a cakuɗe,
Mai da ruwan gishiri, suna kokawa cikin bututu.

Tukunya ba ta duka, ba ta tsawa.
Wuri take ba su, da ɗan zafi, da jinkiri.
Ruwa ya kwanta ƙasa don nauyinsa,
Mai ya taso,
Gas ya bi hasumiya ya kama wuta.

Usta Attayib ya nuna mini gilashin awo:
"Layin nan na tsakaninsu, Barau, shi ne albashinka.
In ya hau, ruwa ya shiga tanki, mun sayar da ƙarya."

Tankuna shida, farare, cikinsu ba ya ƙugi.
Na hau na huɗu da igiyar awo,
Sai na tuna Inna tana kaɗa nono
Har man shanu ya rabu da tsala.

Wata uku ban ga Nilu ba.
Na sauko na rubuta lamba.
Shayina ya huce.