Buzuzu

Ni mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari,
shekara ashirin da shida ina shaƙar hayaƙin dalma,
hannuna bai taɓa rawa a kan aiki ba.
Shi ya sa Barira ta ce, Baba, kai za ka riƙe wayar.
Ba ta san gyaran kayan mutane daban,
kallon ƴarka daban.

Wata uku suna yi mini sata da sallama:
injin tsohuwar kasat, tayoyin motar wasan ƙaninta,
murfin samira, waya ja da baƙa,
har batirin da na ɓoye bayan buhun gero sun gano.
Lawali ya zuba masa wayo a na'urar lakwal,
wadda sai an bi layi, sai kuma in akwai kuran.
Suka raɗa masa Buzuzu,
don aikinsa ke nan, ya duƙa ya tura ƙwallo
bisa baƙin layi har ya kai ta gida.

Ranar gasa alƙalan na cikin tafin hannuna,
ƙanana kamar hoton katin ɗan ƙasa.
Can wajensu hantsi ne, wata ma shayi take kurɓa,
nan kuwa an idar da la'asar.
Na ga yaran ƙasashen da sai a taswira,
ɗakuna fari fat, tebur na sheƙi.
Mu tun azahar aka ɗauke wuta,
muka fito da katakon tsakar lakwal,
muka shimfiɗa shi gindin dogon yaro.

Aka kira Maraɗi.
Sun faɗe shi a karkace, mun dai amsa.

Minti uku. Doka ɗaya: in ya tashi, ba mai taɓa shi.

Ya tashi yana gurnani irin na kasat mai cin zare,
ya sha kwanar farko,
ya sha ta biyu.
Sai iska ta kaɗa reshe,
rana ta zubo ta tsakanin ganye, dabbare-dabbare,
idonsa ya kasa raba layi da inuwa.
Ya hau kewaye wuri ɗaya
kamar akuya a turke.

Mushe Nomau ya cije leɓe.
Lawali ya miƙa hannu, ya tuna doka, ya mai da shi aljihu.
Barira ba ta dubi Buzuzu ba, sama ta duba.
Ta ce, inuwa! Ku yi masa inuwa!

Ƴan aji suka jeru kafaɗa da kafaɗa ta yamma,
mai gadi ya ɗaga tabarmar sallarsa,
Ta Allah mai awara ta bar kasko ta zo da faifai,
wani dogon ɗan kabu-kabu da kallo kawai ya kawo shi
ya buɗe rigarsa kamar jemage.
Katakon ya zama launi ɗaya.
Buzuzu ya yi jim,
ya shinshina,
ya kama layi.

Daidai nan fuskar mai shayi ta sandare,
baki buɗe, kofi a iska,
wata ƴar da'ira na juyawa bisa goshinta.
Ƙwallo ta shiga. Mu mun gani.
Ko sun gani a can, ban sani ba,
kuma hoton da na ɗauka rabinsa ƙasa ce da takalma.

Bayan kwana uku saƙo ya zo:
na ashirin da uku cikin sittin,
da tambaya a ƙasa, wa ya kawo dabarar inuwa?
Barira ta karanta sau ɗaya ta ajiye,
ta riga ta kwance cikin Buzuzu a kan tebirina.
Wai baɗi da fitilarsa zai zo,
ba zai ƙara roƙon inuwa ba.

Daren jiya aka sake ɗauke wuta.
Na lalubi cocilata inda nake ajiye ta shekara da shekaru,
na sami kwankon kawai,
ba ƙwai, ba batir.
Na zauna cikin duhu ina sauraron sauro.
Ban ce komai ba.