Idon Babana a Sabon Jiki

Matakala ɗari da sha huɗu na taka
kafin shagon Eleodoro,
can ƙwanƙolin tudun Valparaíso
inda gidaje ke riƙe da kafaɗar juna
don kada su zame cikin teku.
A wuyana sabuwar kyamara mai faɗin ciki,
a jakata ido, naɗe cikin safar sanyi.

Idon na babana ne.
Da kuɗin sallamarsa daga tashar jiragen ruwa ya saye shi.
Shekara tara yana zuƙo ƙugiyoyin ɗaga kaya,
da tsuntsayen da ke satar kifi a kwandon Fresia,
da ni, ina harararsa bakin ƙofa.

Eleodoro ya juya shi, ya leƙa ƙeyarsa.
Ya ce, "Don ƙaramin ɗaki aka ƙera wannan.
Kin ga zoben robar nan da ya turo baki?
Ki ɗaura shi haka, madubin ciki ya tashi,
su yi karo, ƙwas,
garin neman gira a rasa ido."

Na ce a yanke.
Ya ce, "Abin da magagari ya ci, ba ya amayarwa."
Na ce a yanke.

Kusoshi huɗu, kowanne bai fi ƙwayar riɗi ba,
ya jera su a murfin kwalba.
Ya lulluɓe gilashin da takarda
kamar mai rufe wa yaro fuska kafin aski.
Sai gurza.
Rediyo na ihun ƙwallon da ba a ci ba,
jirgi ya yi kuka a ƙasa, bai ɗago ba.
Ya auna, ya gurza, ya hura, ya sake aunawa.
Milimita uku.
Baƙin gari ya cika masa ƙarƙashin farce,
shayinsa ya huce, ya yi fata.

Da ya ɗaura, sai da ya riƙe numfashi.
Ya danna.
Madubi ya tashi, ya sauka lafiya,
tazararsu ba ta fi kaurin gashi ba.

Na kai ido na leƙa.
Ga tasha, ga jan jirgi, ga igiyar shanya ta maƙwabta,
duka a cikin faifai ɗaya na haske,
kusurwa huɗu kuwa, dare.

Ya ce, "Zanen aro ba ya rufe katara.
Murɗa zuwa sha shida, duhun zai ja da baya.
Ko ki datse gefen daga baya, kowa haka yake yi."

Ban murɗa ba.
Na tuna shekararsa ta ƙarshe,
da ciwon ido ya fara cinye masa duniya daga gefe.
Yakan ce, "Matso tsakiya, Ximena,
nan ne kawai ya rage mini."

Eleodoro ya ƙi karɓar cikakken kuɗi,
wai rabin aikin ɓarna ce.
Ya zuba guntun zoben a ambulan, ya miƙo mini.

Na sauko, gwiwa na rawa tun a ta sittin.
A bakin tasha Fresia na naɗe kayanta,
ta tsufa, kwandon ma ya tsufa.
Na ce, "Matso tsakiya."
Ta matso, tana share hannu da zani,
tana tambaya ko ta yi murmushi.