Shafin Farko

A shagon Arzika, bakin titin Mabera,
na tarar littafina ya haihu ban sani ba:
kwafi arba'in, da ɗuminsu kamar masa.

Shekara huɗu ina sassaƙar baitocin nan,
har akuyar Ige na sayar na biya maɗaba'a.

Na ce, "Wa yar rubuta wanga?" Ya ɗaga kafaɗa:
"Shafin farko muke cirewa, Malam, takarda ta yi tsada."

An ce akwai doka. Ba ta san hanyar Mabera ba.
Mai fetur ya ci, mai tawada ya ci,
mai rijiya na tsaye da ƙishirwa.

Na taya ɗari biyar, ya ce albarka.
Na ƙara ɗari,
na sayi kaina, na nufi gida.